Kwanan zagaye don masu ciwon daji a jami'armu: in shiga ko in bari?

'Yar_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya. Ina shekara ta biyu a wata jami'a a nan Amurka. Wata mai zuwa ɗalibai za su yi taron da suke kira Relay For Life, na tara wa masu ciwon daji gudunmawa. Ana shiga filin wasanni na makaranta da magariba, ba a fita sai gari ya waye. Ɗalibai suna kasuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni sai ya zama akwai mutum ɗaya nasa da ke zagaya fili a kowane lokaci, in ya gaji wani ya karɓe shi. 'Yan ajinmu sun sa sunana a nasu, an ce kowa ya yi ƙoƙari ya tara dala 100.

Abin da ya hana ni barci ba kuɗin ba ne. Akwai lokacin da ake kashe fitilu a jera jakunkunan takarda masu haske a ciki, kowace da sunan wanda cutar ta kashe ko wanda yake fama da ita. Mahaifiyata sankarar mama ce ajalinta, shekara huɗu ke nan. Har yau a gidanmu ba a taɓa furta sunan ciwon a gaban baƙo ba. Masu zuwa gaisuwa abin da aka ce musu, gajeriyar rashin lafiya ce. Yanzu ni in rubuta sunanta a jaka in ajiye a gaban ɗaruruwan mutane? Kuma shi kansa kwanan zagayen, me yake ƙara wa marar lafiya?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa jinyar ta zama kaffara. 'Yata, ni a ganina ki ba da kuɗinki ki je ki kwanta. Mai ciwo magani yake so, tafiyar dare ba ta rage masa komai. Mu nan in za a taimaki mutum sai a yi karo-karo a kai masa har gadon asibiti, ba kiɗa ba taro.

Ɗalibin_Pennsylvania:
Baba, da girmamawa, ai tafiyar ce take jawo kuɗin. Asalin abin ma haka ya faro. A watan Mayun 1985 wani likitan tiyata mai suna Gordon Klatt, a garin Tacoma da ke jihar Washington, ya shiga filin wasa na jami'ar Puget Sound ya yi awa 24 yana zagaye, ya yi gudu ya yi tafiya, har ya ci sama da mil 83. Abokansa da 'yan'uwan majinyatansa suka riƙa biyan kuɗi don su taka masa na ɗan lokaci. Ya tashi da dala dubu 27 ya miƙa wa American Cancer Society, ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka. Da shekara ta zagayo sai rukuni 19 suka fito. Da ya zauna a ofishinsa ya ce a kawo taimako, wa zai tuna da shi yau? Kwanan kuma da ma'anarsa: suna cewa cutar ba ta barci, to su ma dare ɗaya ba za su yi ba.

Baban_Khalifa:
Na ji tarihin, na kuma gode. Amma shi likita ne, ya san majinyatansa ɗaya bayan ɗaya. Su waɗannan yaran wa suka sani?

Nas_Binta:
Baban Khalifa, ka ga ita 'Yar Gwale ta san wani. Kuma in ka bincika rabin yaran da ke wurin haka suke, wannan kakarsa, wancan ƙaninsa.

Ƙanwata, maganar ɓoye ciwon nan ita ta tsaya mini. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin mata. Mace za ta ji ƙullutu a nononta, ta yi wata takwas ba ta faɗa wa ko mijinta ba. In ta faɗa, sai a ce jifa ne, a nufi mai magani. Sai kuma maganar nan da ta zauna a kan mutanenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fantsama. Ba gaskiya ba ce. Abin da ke faruwa, ba a kawo mana su sai ciwon ya riga ya ci jiki, in aka yi aiki ba a dace ba sai a ɗora wa ƙarfe laifi. Na ga matar da ta zo da ƙullutu bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, aka cire, ta sha ruwan kemo, gashinta ya zube ya sake fitowa, bara ta aurar da 'yarta. Na kuma ga waɗanda sai an kunna turaren wuta a ɗaki kafin 'ya'yansu su iya zama kusa da su. Bambancinsu watanni ne kawai na shiru.

'Yar_Gwale:
Anti Binta, turaren wutan nan da kika ambata, wallahi ni nake kunna wa Umma shi. Kasko biyu, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin gado. Ina 'yar shekara goma sha shida. Tana yafa mayafi biyu ko a zafin watan Afrilu don kada a ga ƙirjinta. Ban san ma sunan abin ba sai da na ga takardar asibiti a cikin jakarta bayan sadakar bakwai.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Allah ya gafarta mata. Tambaya uku nake gani a nan, kada a cakuɗa su. Taimakon marar lafiya, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, alheri ne, babu saɓani. Bayyana sadaka kuma, aya ta 271 a Baƙara ta ce in kun bayyana ta madalla, in kun ɓoye kun ba matalauta shi ya fi muku. Saboda haka bayyanawa ba laifi ba ce in niyya ta gyaru, musamman in za ta zaburar da wasu. Na uku shi ne kunna wa mamaci kyandir. Wannan ba al'adarmu ba ce, mu addu'a muke wa mamaci da sadaka. In kin rubuta sunan don mutane su san cutar tana kashe namu ma, wani abu ne. In kuma kina jin hasken zai isa gare ta, to a'a. Ki tambayi limamin masallacin garinku, shi ya san yadda wurin yake, ni ji kawai nake yi. Kuma kada ki zuba zakka a ciki sai kin bincika, zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa.

Ummu_Sudais:
Malam bai taɓo cakuɗa ba. Dare guda, samari da 'yan mata, kiɗa na tashi. Ni dai 'yata ba za ta kwana a wurin ba.

Hafsy_Michigan:
Hajiya, na halarta sau biyu, bari in faɗi abin da idona ya gani. Kiɗa akwai, wasanni akwai, wasu rukunin suna sayar da cincin da kofi, wasu suna gasa iri-iri don kada barci ya ɗauke su. Amma malaman makaranta suna nan, da masu tsaro, da tsofaffi da yara. Mu 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi rukuninmu daban muka yi, muka kafa tantinmu a gefe, muka yi isha'i a jam'i a bayan kujerun 'yan kallo. Mun dafa shayi mai citta da kanumfari muna sayar da kofi dala biyu, kafin ƙarfe ɗaya tukunya uku ta ƙare.

Zagayen farko na waɗanda suka yi ciwon suka rayu ne, ana ba su riga mai launin shunayya. Kowa yana tsaye a gefe yana tafa musu. Akwai wani tsoho da ke tura keken jingina, ƙafa ɗaya yana ja, jikarsa na riƙe da gefen rigarsa. Duk sauran sun gama, shi kaɗai ya rage a fili, ba wanda ya daina tafi har ya iso. Ni da na taso ina jin in an ce daji to sai dai a fara haƙa kabari, ranar na fara ganin masu ciwon daji da yawa suna tafiya da ƙafarsu.

Ummu_Sudais:
To in da rukunin Musulmi da sauƙi. Amma dai ta kula da sallar asuba, masu kwanan zaune su suka fi makara.

Injiniya_Kawo:
Ni tawa tambayar ta kuɗi ce. Ina suke zuwa? Ɗaliba 'yar Kano za ta bi 'yan'uwa da abokai ta tara dala 100, a kashe wa Amurkawan da asibitocinsu suka fi namu sau dubu. Dala 100 in aka canza ta, ta sayi magani na gaske a gida. Kuma manyan ƙungiyoyin nan suna da ma'aikata masu albashi da ofisoshi da talla, duk daga cikin kuɗin ake cira.

Ɗalibin_Pennsylvania:
Injiniya, batun albashi da ofis gaskiya ne, kuma suna buga rahoton kuɗinsu duk shekara, kowa na iya dubawa ya yi wa kansa hukunci. Amma kada ka ɗauka kowane Ba'amurke yana da halin jinya. Akwai masu sayar da gida saboda kuɗin asibiti. Ita American Cancer Society tana da gidajen sauke majinyata kyauta da ake kira Hope Lodge, don wanda ya zo magani daga nesa, tana da masu sa kai da ke kai majinyata asibiti a motocinsu, tana kuma ba masu bincike kuɗi. Sannan a 2017 ita da wata ƙungiyar kiwon lafiya mai suna Clinton Health Access Initiative sun ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Pfizer da Cipla don a rage farashin magungunan daji 16 a ƙasashen Afirka shida, kuma Najeriya na ciki.

Injiniya_Kawo:
Yarjejeniya a takarda daban, abin da majinyaci ke biya a tagar kantin magani daban. Yayana ya yi ciwon dajin mafitsara. An tura mu wani asibiti don a gasa wurin da na'ura, muka yi tafiyar awa bakwai, muka tarar na'urar ta lalace. Aka ce mu dawo bayan sati uku. Muka kwana a barandar asibiti a kan tabarma, mu da wasu mutane daga Yobe. Da muka dawo aka ce layi ya kai wata biyu. Bai kai wata biyun ba. Shi ya sa in na ji ana maganar tara kuɗi a waje zuciyata take tafasa.

Nas_Binta:
Allah ya jiƙansa, Injiniya. Abin da ka faɗa kullum muna ganinsa. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, na'urorin gashin da ke aiki ba su taka kara sun karya ba. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna sabbin masu kamuwa a Najeriya sun haura dubu 120 a shekara, masu mutuwa sun kusa dubu 80. Amma ka lura, gidan saukar majinyata da aka ambata a sama, ai shi ne maganin kwanan baranda. Su da irin wannan tara kuɗin suka gina nasu.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Mu a Nijar sai a 2021 aka buɗe wurin gashi na farko na gwamnati, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Kafin nan mai hali ya fita waje, marar hali ya koma gida. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa ya fi kilomita 600. Ko lokotoro ya rubuta maka takarda, kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su hana ka tafiya. Ni abin da ya burge ni a zancen nan, ɗalibai ne ke yi. Namu 'yan jami'a suna da ƙungiyoyi barkatai, me zai hana dare ɗaya a shekara?

Sadiq_Samaru:
Dare a filin makaranta a halin tsaron da ake ciki? Hukumar makaranta ba za ta sa hannu ba. Da rana dai ana yi. Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu tana shirya tattaki a Abuja, mutane suna fita sosai. Mu ma 'yan ajin likitanci muna fita ranar 4 ga Fabrairu, ranar daji ta duniya, mu shiga kasuwa mu yi wa mata bayanin yadda za su duba kansu. Sai dai kuɗin da muke tarawa ba ya wuce na ruwa da kwali.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku yara kuna ta kallon Turawa. Aikin gayya fa? Ƙaddamar da gidauniya fa? A unguwarmu mata arba'in muke adashi, muka ware kwasa ɗaya a shekara ta marasa lafiya. Bana wata mai sankarar mahaifa muka biya wa allura uku. Ba mu zagaya ko'ina ba.

Hafsy_Michigan:
Hajiya, Allah ya saka muku. Amma matar da kuka biya wa, ta yarda an faɗi ciwonta a gaban mata arba'in ɗin?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Mu uku muka sani. Sauran an ce musu ciwon ciki ne.

Nas_Binta:
Kin ga inda muka koma ke nan, Hajiya. Mata talatin da bakwai sun ba da kuɗi, ba wadda ta koma gida da tunanin ta je a duba ta, ko ta kai 'yarta rigakafi. Tun Oktoban 2023 aka shigar da allurar HPV cikin rigakafin Najeriya, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma ita ce ke ba da kariya daga yawancin sankarar bakin mahaifa. Iyaye nawa suka ƙi kai 'ya'yansu don ba su taɓa sanin wadda ciwon ya kama ba? Alhali suna gaisawa da ita kullum.

Rifkatu_Wusasa:
Ba Musulmi kaɗai ba, mu ma haka muke. A coci za a ce a sa 'yar'uwa wance a addu'a tana fama da jiki, ba a faɗin mene ne. Ni na yi sankarar mama, an cire ɗaya, shekara shida ke nan. Ranar da na miƙe a taron zumuntar mata na faɗa da bakina, ƙafafuna rawa suke yi. Bayan an tashi mata biyu suka biyo ni har gida, ɗaya ta rufe ƙofa ta ce in taɓa in ji. 'Yar Gwale, ba zan ce ki saɓa wa babanki ba. Amma ki kira shi ki tambaye shi. Wataƙila shi ma abin yana cinsa.

Ɗalibin_Pennsylvania:
Tunda Ɗan Maraɗi ya tambayi abin da ɗalibai za su iya, a jiharmu akwai wanda ya fi wannan girma. THON na jami'ar Penn State, tun 1973 ake yi. A watan Fabrairu ɗalibai ɗari-ɗari suke tsayuwa awa 46 ba zama ba barci, dubbai suna kewaye da su, kuɗin kuma na yara masu ciwon daji ne ta asusun Four Diamonds a asibitin yara na Hershey. A 2023 sun haura dala miliyan 15. Amma tsayuwar ƙarshen aiki ce kawai, shekara guda suke yi suna bin mutane da kamfanoni.

Baban_Khalifa:
Awa 46 a tsaye kam cutar da kai ne, wannan ban yarda da shi ba ko nawa za a tara. Na dare ɗayan da ake karɓa-karɓa ya fi hankali. Maganar Rifkatu kuma ta shige ni. 'Yata, ki kira mahaifinki. In ya ce a'a, ki bar sunan, ki yi tafiyarki.

Zango_Kumasi:
Ni tambaya ce da ni. Dole sai an rubuta cikakken suna a jakar?

Hafsy_Michigan:
A'a. Wasu suna kawai, wasu hoto, wasu su rubuta Kaka ko Baba. Kuma a namu ba kyandir na wuta ba ne, 'yar fitila ce mai batir, saboda a cikin gini ake yi. 'Yar Gwale, in za ki je ki tafi da safa biyu da bargo da takalmin da kika saba da shi. Tsakanin ƙarfe uku da huɗu shi ne mai wuya, lokacin kiɗa ya lafa, rabin mutane sun kwanta a cikin tanti, kuma sanyi yana shigowa ko ta ina.

Injiniya_Kawo:
Ni har yanzu ina kan bakana, kuɗin ya fi amfani a gida. In ta tara ɗari a can, ta tara wata ɗarin ta turo wa Nas Binta ta san wanda za ta ba.

'Yar_Gwale:
Salam. Na dawo da labari, an yi taron daren Juma'a. Kafin nan na kira Abba kamar yadda Anti Rifkatu da Baba suka ce. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sai ya ce Umma ce da kanta ta roƙe shi kada a faɗa, tana tsoron a ce ciwon gado ne a ƙi auren 'ya'yanta, mu huɗu ne mata. Ya ce alkawari ya ɗauka, ba zai karya ba, kada in rubuta sunanta. Amma ya ce in rubuta Umma, kuma in kira Yaya da sauran in gaya musu gaskiya su je a duba su. Yaya ta ce da ma ta sani, ita ma ta ga takardar, kowa ya yi shiru yana zaton shi kaɗai ya sani.

Limamin masallacinmu ya ce in ajiye jakar da niyyar tunasarwa, addu'ar kuma in yi ta yadda muka saba. Na rubuta Umma da ajami da boko, na sa Kano a ƙasa. Da aka kashe fitilu wajen ƙarfe goma, aka ce kowa ya yi zagaye ba magana. Ba ka jin komai sai takun ƙafa. Jakata tana tsakanin ta wani yaro da aka manna hotonsa da hular ƙwallo, da wata da aka rubuta da rubutun Sin. Duk zagayen da na yi in na iso wurin sai in karanta Ƙulhuwallahu. Wata yarinya 'yar ajinmu da ba mu taɓa magana ba ta tsaya ta tambaye ni me rubutun ke nufi, na faɗa mata, ta nuna mini ta babanta can gaba. Muka yi sauran zagayen tare. Ƙarfe uku ɗin da Hafsy ta ce haka yake, ƙafata ta yi bororo. Na yi asuba a kan lokaci, Hajiya Ummu Sudais. Na tara dala 140.

Baba Injiniya, ban manta da kai ba, ban kuma ce ka yi kuskure ba. Anti Binta, na turo miki saƙo ta akwati.

Nas_Binta:
Na gani, zan amsa in na tashi daga aiki. Ki ce wa Yayarki in za ta je ta faɗa wa likita shekarun Umma lokacin da ciwon ya fara, kuma ta tafi da takardar nan in tana nan.

Sadiq_Samaru:
Hafsy da 'Yar Gwale, don Allah ku turo mini yadda aka tsara rukunan da yadda kuke rubuta wanda ya ba da kuɗi. Zan kai wa shugabannin ajinmu mu gani ko za a yarda mana daga la'asar zuwa goman dare a cikin makaranta.